Cutar jijiya ta MS da likitan da ya gano bakin zarenta

Mu da muke tafinta tsakaninku da ofishin kariya, mun sha jin labarin matashiya ko saurayi da ƙafa ta mutu masa, ko ido ɗaya ya dushe, bayan 'yan makonni ya samu sauƙi, can kuma abin ya dawo. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu ma su ce ƙiwa ce kawai. Cututtuka da yawa na kawo haka. Yau za mu yi bayanin ɗaya daga ciki, wadda likitoci ke kira MS, masu Faransanci kuma su ce SEP.

Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan cuta, garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa tana cin wannan riga a ƙwaƙwalwa da laka. Sai saƙo ya yi jinkiri ko ya yanke. Daga nan ake samun dushewar gani, sanyin ƙafa ko hannu, jin kamar ana tsira allura, tangaɗi, gajiya mai tsanani, da kasa riƙe fitsari. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi yawa a mata. A ƙididdigar 2020, kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya.

Tun 1868 wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya siffanta cutar a birnin Paris, amma sai a 1993 aka samu maganin farko da ke rage tashinta, shi ma ragin ba mai yawa ba.

Wanda ya sauya lamarin shi ne Dakta Stephen Hauser, likitan ƙwaƙwalwa da jijiya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka. Garkuwar jiki tana da rundunoni iri-iri a cikin jini. Shekara da shekaru masana sun ɗora laifin ɓarnar a kan rundunar da ake kira ƙwayoyin T. Hauser da abokan aikinsa suka ce a duba wata, wato ƙwayoyin B. Da farko masana da yawa ba su yarda ba. Sai suka gwada rituximab, maganin wata sankarar jini da ke rage ƙwayoyin B. Sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna sababbin tabon da cutar ke yi a ƙwaƙwalwa sun ragu ƙwarai. Wannan ya buɗe hanyar wani magani, ocrelizumab, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017. Shi ne na farko da aka amince da shi har ga nau'in cutar da ke ta ƙaruwa ba tare da lafawa ba. A 2025 aka ba Hauser lambar yabo ta kimiyya ta Breakthrough, tare da Alberto Ascherio na Jami'ar Harvard.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka magungunan MS uku, har da rituximab, cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Sai dai mu faɗa muku gaskiya: maganin ba ya warkarwa gaba ɗaya, kuma ba ya gyara jijiyar da ta riga ta lalace. Yana tare ɓarnar da ke tafe ne, shi ya sa zuwa da wuri ke da muhimmanci. Yana da tsada, kuma tabbatar da cutar na buƙatar hoton ƙwaƙwalwa na MRI a babban asibiti. Haka nan ba a cika samunta a ƙasashenmu kamar Turai ba, don haka mai waɗannan alamu zai iya kasancewa da wani ciwon daban, wanda shi ma yake buƙatar likita.

Roƙonmu shi ne, duk wanda ya ga haka a gidansa ya kai shi asibitin sansani, ko da ciwon ya lafa. Ku faɗa wa likita lokacin da ya fara da sau nawa ya dawo, ku kuma adana takardun asibiti. Ba a ɗaukar MS daga mai ita, ko ta cin abinci tare ko ta zaman aure. Kada a ɓoye mara lafiya a tanti, kada a saki mace ko a cire yaro daga makaranta saboda ita. Wanda tafiya ta gagare shi zuwa karɓar abinci ko ɗibar ruwa, a sanar da ofishin kariya. Muna nan don mu yi muku tafinta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.