Sake fasalin ajin tallafi a cikin gwaje-gwajen manhaja

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba wata matsala da ke tasowa wajen tsara manhaja, wato abin da ake ce ma logiciel da Faransanci. Masu wannan aiki suna rubuta gwaje-gwaje domin su tabbatar manhaja na yin abin da aka tsara ta ta yi. Da yake gwaje-gwaje da yawa na bukatar shiri iri ɗaya, akan tara shirin cikin aji guda, wato classe, wanda za mu kira ajin tallafi.

2. Tushen matsalar

Mu ɗauki misalin JUnit, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta cikin 1997 domin harshen Java. Har zuwa JUnit 3, kowane ajin gwaji yana gadon ajin TestCase ne. Sai masu aiki suka saba da gina nasu ajin tallafi bisa TestCase, gwaje-gwaje kuma su gaje shi. To amma Java ba ya yarda aji ya gaji uba fiye da ɗaya. Saboda haka duk wata sabuwar bukata, kan uban nan guda ake ɗora ta: buɗe rumbun bayanai, ƙirƙiro fayil na wucin gadi, tsaida agogo. Gwajin da ba ya komai sai lissafin kwanan wata, shi ma sai ya jira a buɗe rumbu. Wannan dogaro tsakanin sassa shi ne couplage, wanda Stevens, Myers da Constantine suka bayyana cikin 1974. Idan ya tsananta, da an taɓa layi guda sai gwaje-gwaje da dama su faɗi, alhali manhajar lafiyarta lau.

3. Matakan gyara

Martin Fowler, cikin littafinsa Refactoring na 1999, ya nuna cewa sake fasali shi ne sauya tsarin ciki ba tare da an sauya aikin da ake gani daga waje ba. Ga matakan da muke ba da shawara:

a) A lissafa ayyukan ajin tallafi da gwaje-gwajen da ke amfani da kowane.
b) A fidda kowane aiki cikin ƙaramin aji nasa: na rumbu daban, na fayil daban.
c) A bar tsohon ajin yana miƙa aiki ga sababbin, don kada komai ya tsaya.
d) A raba gwaje-gwaje da gado ɗaya bayan ɗaya, kowane ya ɗauki sashen da yake bukata kawai.
e) A share tsohon ajin sa'ad da ba mai gadonsa.

JUnit da kansa ya bi wannan hanya. JUnit 4 na 2006 ya kau da tilascin gado, JUnit 4.7 na 2009 ya kawo Rule, kamar TemporaryFolder mai tanadin fayil na wucin gadi, sannan JUnit 5 na 2017 ya kafa tsarin Extension.

4. Wa zai gwada gwaji?

Nan haɗarin yake. In ana gyaran manhaja, gwaji ne ke tsaron ta. In kuwa ana gyaran ajin tallafi, mai tsaron ne ake taɓawa. Gwajin da ya faɗi ana ganin shi nan take. Wanda ya daina kwatanta sakamako kuwa, wucewa zai riƙa yi shiru. Don haka a ƙirga gwaje-gwaje kafin gyara da bayansa. Kuma a ɓata manhajar da gangan, misali a maida alamar tarawa ta zama ta ɗebewa, a ga ko gwajin zai faɗi. DeMillo, Lipton da Sayward sun bayyana wannan dabara cikin 1978, kuma manhajar PIT na yin ta da kanta ga harshen Java.

5. Kammalawa

Muna ganin ya kamata a koya ma ɗalibai kula da ajin tallafi kamar yadda suke kula da manhajar kanta. Ma'aunin aikin kuwa shi ne mai karanta gwaji ya gane abin da gwajin ke bukata ba tare da ya buɗe wani fayil ba.