YADDA A KE HAƊA BENCIN KAFINTA MAI ƘARFI DA KUƊI KAƊAN

Ɗan'uwa manomi, in an gama ɗiban auduga an kai awo, aikin gona ya kan yi sauƙi har faɗuwar ruwa. A wannan lokaci ne samarinmu da yawa na wajen Tamale da Yendi da Wa da Tumu su ke sauka Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, domin cin rani. Waɗansu su sauka Old Fadama, waɗansu Nima ko Maamobi wurin 'yan'uwa. Cikinsu akwai masu iya gyaran ƙofa da kujera da teburin 'yan tireda. Abin da ya ke hana su cin moriyar hannunsu shi ne rashin abin da za su ɗora aiki a kai. Sai mutum ya tsuguna a ƙasa, ya taka katako da ƙafa yana yanka. Yanka ya karkace, baya ya yi ciwo, wata rana kuma zarto ya sami yatsa.

Maganin wannan shi ne benci. Ga yadda za ka haɗa naka da kanka.

ABIN DA A KE SO GA BENCI

Abu uku a ke nema ga kowane bencin kafinta. Na ɗaya, ya yi nauyi, kada ya riƙa gudu in ana tura aiki a kansa. Na biyu, kada ya girgiza. Na uku, tsayinsa ya yi daidai da mai shi.

Mazaunin Old Fadama kuwa yana da bukata ta huɗu, watau benci ya zama mai kwantuwa. Unguwar tana bakin kogin Odaw da tafkin Korle, ƙasarta kwari ce, ɗakunanta da yawa na katako ne a matse da juna. Ran 3 ga Yuni 2015 ruwa ya ci Ankara, kuma cikin wannan wata hukumar gari ta rushe ɗakunan da ke bakin tafkin. A Yuli 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, aka share filin 'yan gwangwan. Wanda ya ke zaune a irin wannan wuri, lalle ne kayan sana'arsa su zama waɗanda zai iya kwancewa ya ɗauka cikin sa'a guda. Domin haka bencin nan da noti za mu ɗaure shi. Ran komawa gida ma sai ka kwance shi, ka sa a mota.

ZAƁEN KATAKO

Babbar kasuwar katako ta Ankara tana kusa da Old Fadama, da ƙafa a ke zuwa. Akwai wata kuma a Ofankor. Ga irin da za ka fi samu:

Wawa. Shi ne mafi araha, fari ne, ba nauyi, yana da daɗin aiki. Amma yana da laushi, gara da ƙwarin da ke huda katako suna sonsa. Ya yi kyau ga allon gefe.

Ofram. Ya ɗan fi wawa nauyi da ƙarfi, shi ma ba ya jure laima. Ya isa ga saman benci.

Dahoma. Mai nauyi ne da tauri, magina suna yawan aiki da shi. Ɗanyensa yana wari, garinsa yana sa atishawa. Shi ya fi dacewa da ƙafafu.

Odum. Shi ne sarkinsu, gara ba ta cika taɓa shi ba, amma yana da tsada. Kada ka yi benci duka da shi. In kana da hali, sayi guda ɗaya domin katakon gaba na saman benci, inda duka da sara su ka fi sauka.

Tsohon katako na rusasshen ɗaki ko tsohon madogarin ƙofa yana da kyau ƙwarai, don ya riga ya bushe. Sai dai ka cire ƙusoshinsa duka, ka kankare siminti, domin ƙusa ɗaya ta isa ta ɓata bakin zarto.

Tun 1998 dokar Gana ta hana cinikin katakon da aka tsaga a daji da injin hannu. Ban da batun doka, irinsa ba ya zuwa da kauri ɗaya, sai ka sha wahalar gyara. Nemi na gidan injin tsaga.

In a gida arewa za ka yi bencin, maɗaci da dalbejiya sun isa. Kada ka sare kaɗanya ko ɗorawa, abincinmu ne. Madobiya kuma gwamnati ta sha hana saranta, ta sake hanawa a 2019.

Wurin saye kada ka yi gaggawa. Ɗaga kowane katako, ka sa ido a bakinsa ka hango tsawonsa kamar mai duban gorar mashi. In ya lanƙwashe ko ya murɗe, ajiye shi. In ka ga ƙananan huji da gari yana zuba, ƙwari ne a ciki. Taya wuri uku kafin ka biya. Ku haɗu ku biyu ko uku ku sayi naku tare, ku raba kuɗin ɗauka.

SHANYA

Yawancin katakon kasuwa ɗanye ne. In ka yi aiki da shi haka, zai tsuke bayan ka gama, mahaɗai su saki. Saboda haka jera shi a inuwa, bisa bulo, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa don iska ta ratsa. Ɗora dutse a sama, ka rufe da kwano. Kada ka shanya a rana, zai tsage. Ba shi wata ɗaya aƙalla, in ya fi haka ya fi kyau. Sannu ba ta hana zuwa.

AWO DA JERIN KAYA

Tsaya tsaye ka saki hannunka, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannu. Tsayin bencinka ke nan. Ga yawancin mutane ya kan kama inci 32 zuwa 35. A nan mun ɗauki inci 34. Tsawonsa ƙafa 5, faɗinsa ƙafa 2. Wannan zai shiga rumfa ƙarama, kuma ya isa ɗaukar ƙofa.

1. Ƙafafu 4, masu kauri inci 4 ta kowane gefe, tsawo inci 32. In babu, haɗa tu-bai-fo biyu da gam da ƙusa.
2. Guntayen tu-bai-fo 5, watau mai kauri inci 2 da faɗi inci 4. Uku su zama inci 22, biyu inci 24. Su ne za mu kira gicciye.
3. Allon gefe 2, kauri inci 1, faɗi inci 12, tsawo ƙafa 5.
4. Katakon sama 4, kauri inci 2, faɗi inci 6, tsawo ƙafa 5.
5. Ƙusa mai noti 8, kaurin rabin inci, tsawo inci 5, kowace da washa.
6. Sukuru 24 masu inci 4, da ƙusoshi, da gam na katako.

Katakon kasuwa ba ya cika awonsa daidai. Auna wanda ke hannunka, da shi za ka yi alama.

Kayan aiki: zarto, guduma, cizal, abin huda katako, sifana, tef na awo, fensir, da filen, watau abin feran katako ya yi sumul.

HAƊAWA

Asirin bencin nan gurbi ne. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe benci, domin turawar filen kullum tana jijjiga ta har huji ya buɗe. Amma in katako ya zauna cikin gurbin da aka sassaƙa masa, itace ne ke tokare itace, ƙusa aikinta kawai ta hana shi fita.

Ga yadda a ke yin gurbi. Ɗora katakon da zai zauna, ka zana gefensa biyu da fensir. Yi alamar zurfi, inci 1. Yanka da zarto ta cikin layin, sa'an nan ka yi waɗansu yanka kusa-kusa a tsakani. Fasa su da cizal, ka share gindin ya daidaita. Gara ya matse a shigar da guduma da ya yi sako-sako.

Na fari, kowace ƙafa a yi mata gurbi uku. A gefen da zai dubi waje, gurbin allon gefe, daga sama zuwa inci 12. A gefen da ke kusa da shi, gurbin gicciye biyu, ɗaya a can sama, ɗaya inci 6 daga ƙasa. Jera ƙafafun huɗu a tsaye yadda za su zauna kafin ka zana, don kada ka sassaƙa duka ta gefe guda.

Na biyu, haɗa ƙafafu biyu-biyu. Gicciye mai inci 22 a sama, bakinsa daidai da kan ƙafa, mai inci 24 a ƙasa. Na sama ya fi gajarta domin ya bar wa allon gefe wuri. Sa gam, ka buga ƙusa. Dahoma da odum sai an fara hudawa, in ba haka ba ƙusa ta tanƙware ko itace ya tsage. Kafin gam ya kama, ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, ka sake ta ɗaya wajen. In tsawon biyu ya zo ɗaya, aiki ya miƙe. Waɗannan biyu an haɗa su ke nan har abada.

Na uku, tsai da su, ka zaunar da allon gefe cikin gurbinsa, ka bar inci 6 ya wuce ƙafa ta kowane ƙarshe. Huda biyu a kowace ƙafa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka sa ƙusa mai noti, notin ta ciki. Nan kada ka sa gam ko kaɗan. Faɗin allon nan shi ke hana benci rangaji.

Na huɗu, buga ƙananan guntaye a cikin allunan gefe daidai tsakiya, ka ɗora gicciye na biyar a kansu don ya tallafi saman benci.

Na biyar, jera katakon sama, mafi tauri a gaba, bakinsa daidai da allon gefe. Ɗaure kowane da sukuru biyu a kowane gicciye. Lalle ka nutsar da kan sukuru rabin inci cikin itace, don kada filen ya ci karo da shi.

Na shida, daidaita sama. Ɗora miƙaƙƙun sanduna biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ka sunkuya ka hango su. In ɗaya ta karkace, akwai tudu. Fere tudun a gicciye tukuna, sa'an nan ka bi tsawon itace.

YADDA ZA KA RIƘE AIKI

Ƙarfen matse katako na kanti yana da tsada. Ka iya fara aiki ba da shi ba.

Turke. Kusa da ƙarshen hagu na katakon gaba, sassaƙa huji mai kusurwa huɗu, inci 2, ka cusa guntun itace mai tauri da zai matse a ciki. Da guduma a ke ɗaga shi ko a saukar. Shi ke tokare katako in kana fere shi.

Ƙugiya. A hagun allon gaba ɗaura guntun itace mai kauri wanda aka fere cikinsa a karkace. In za ka gyara bakin allo ko ƙofa, tura shi ciki, zai kama kansa. Yi huji da yawa a allon gaba, ka riƙa sa ɗan turke yana tallafar aikin daga ƙasa.

Sandar ƙarfe. Kai wa maƙeri rodi mai kauri, ya lanƙwasa kansa kamar sandar makiyayi, ya faɗaɗa bakin. Huda saman benci, hujin ya ɗan fi rodin faɗi kaɗan. In ka zura shi bisa aiki ka buga kansa, ya danne. In ka buga bayansa, ya saki.

Igiya. Ƙotar fartanya da karkiyar shanu da hannun garma ba sa zama a shimfiɗe. Sassaƙa kwari a guntun itace su kwanta ciki, ka zagaya igiya bisa aikin ta cikin huji biyu, ka taka madaukinta da ƙafa.

Mai aiki da hagu ya mai da turke da ƙugiya dama.

KULAWA

Laima ta ƙasa ita ce ke kashe benci a Ankara, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Shafa maganin gara a gindin ƙafafu, ka ɗora su bisa bulo ko dutse. Kada ka shafa fenti ko baƙin mai a sama, zai yi santsi ya kuma ɓata aikin mutane. In hunturu ya shigo itace ya kan tsuke, balle in ka kai bencin arewa. Bi notin nan takwas da sifana ka ƙara ɗaurewa. Shimfiɗa allo bisa gicciyen ƙasa ka ɗora akwatin kayan aiki, nauyi ya ƙaru.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba. Kowace yamma ka share ɓawon katako da garinsa, ka zuba a buhu, ka ba masu kiwon kaji. Kada ka bar shi kusa da murhu ko wayar lantarki. A unguwar da ɗakuna su ke manne da juna, wutar da ta tashi a rumfarka ba a rumfarka za ta tsaya ba.

Wanda bai gane wani awo ba ya kai takardan nan wurin malamin gona ko wani tsohon kafinta, su duba tare. Allah ya ba da sa'a.