Gyaran Bawul Ɗin Zuciya ta Ƙaramar Kafa: Abin da Ya Kamata Mai Niyyar Fita Waje Ya Sani

Duk wanda ya zauna a Hotoro ta Kano, inda da yawa daga cikin ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa ke kwana su tashi, ya san wata irin takarda da kan zaga masallatai da majalisu a 'yan shekarun nan, watau takardar neman taimako ga wani bawan Allah wanda likita ya ce bawul ɗin zuciyarsa ya lalace, sai an fitar da shi Indiya ko Masar an yi masa aiki. Sau da yawa mai ciwon ba tsoho ba ne, matashi ne da bai daɗe da kama sana'a ba, ko kuwa amarya wadda numfashi ya soma yi mata wuya a cikinta na fari. Idan dangi suka taru ana shawara, tambayar da ta fi tsaya musu a rai ita ce ko za a tsaga ƙirjin, domin labari ya riga ya iso cewa likitocin zamani suna iya gyara zuciya ta 'yar ƙaramar kafa, har majiyyaci ya tashi ya taka cikin 'yan kwanaki. Labarin nan gaskiya ne, amma gaskiya ce mai sharuɗɗa, kuma mutumin da zai sayar da fili ko gonar gado sabili da wannan tafiya ya cancanci a warware masa sharuɗɗan tun kafin ya nufi Wapa neman dala.

Allah cikin hikimarSa ya raba zuciya ɗaki huɗu, biyu a dama biyu a hagu, ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu kuwa yana karɓarsa ya rarraba wa sauran jiki. Shehin malamin nan na Dimashƙa, Ibnu Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1288, shi ne ya fara bayyana wannan zagaye ta huhu a sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina, alhali magabata suna zaton jini yana ratsa bangon tsakiyar zuciya ne. A mafitar kowane ɗaki akwai bawul, kuma duk makanikin da ya taɓa kwance injin jan ruwa a Sharaɗa ya san aikinsa: ya buɗe ruwa ya wuce, ya rufe kada ya komo. Na zuciya yana yin haka kimanin sau 100,000 kowace rana, kuma lalacewarsa iri biyu ce, ko dai ya tsuke jini ya kasa wucewa, ko kuwa ya saki jini ya riƙa komawa baya. Ko wanne ya faru, jini yakan taru a huhu, mutum ya riƙa haki idan ya ɗan yi tafiya, ƙafafu su kumbura, kwanciya rigingine ta gagara, wani lokaci har tari ya fito da jini. Bawul biyu na hagu, maitral da na bakin babbar jijiyar ayota, su ne suka fi kamuwa.

To, a nan ne halinmu ya sha bamban da na Turawa, kuma fahimtar wannan bambanci ita ce mabuɗin mas'alar baki ɗaya. A Turai da Amurka galibin masu ciwon bawul tsofaffi ne waɗanda shekaru suka sandarar musu da bawul ɗin ayota. A ƙasarmu kuwa asalin cutar yakan faro ne daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, tsakanin shekara 5 zuwa 15, wanda wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokus ke haddasawa. Idan ba a kashe ta da magani ba, bayan mako biyu ko uku garkuwar jikin wasu yaran takan rikice, ta far wa gaɓoɓinsu da zuciyarsu, yaro ya yi zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, gobe idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne, a shafa magani, ya warke ga ido. Amma duk lokacin da ciwon ya sake dawowa yakan bar tabo a kan bawul, har bayan shekara goma ko ashirin illar ta bayyana. Cunkoson ɗaki shi ne babban abin da ke yaɗa ƙwayar, kuma gidajen haya inda yara shida ko bakwai ke kwana ɗaki guda ba baƙon abu ba ne a unguwannin ma'aikata. Kai wa wanzami yaro ya cire belu ko hakin wuya ba ya kashe ta, haka nan sayen ƙwaya huɗu a kemis a sha kwana biyu a ajiye. Abin da ke kashe ta shi ne allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya, ko kuwa shan ƙwayarsa kwana 10 cur.

An ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan cuta a duniya, tana kuma kashe kimanin 300,000 kowace shekara. Wani babban bincike mai suna REMEDY, wanda aka buga a 2015, ya duba majiyyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da Indiya da Yaman, ya iske rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Sai dai ba kowace mai jego da ke haki ce ke da ciwon bawul ba, domin akwai raunin tsokar zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci suka yi nazarinsa a Zariya tun shekarun 1970, shi kuwa ba wuƙa ce maganinsa ba. Abin da ke rarrabe su shi ne hoton zuciya na eko, wanda ake yi a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin.

Aikin da aka saba yi shi ne a raba ƙashin ƙirji gida biyu daga sama har ƙasa, a haɗa majiyyaci da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, wadda John Gibbon ya fara cin nasarar amfani da ita a Amurka a 1953, a tsai da zuciya, a buɗe ta, a gyara bawul ko a sauya shi. Albert Starr ya dasa bawul na ƙira a gurbin maitral a 1960, majiyyacin ya rayu. A Nijeriya an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, tare da Magdi Yakub, likitan nan ɗan Masar. Wannan hanya ba abin rainawa ba ce, ita ce ta ceci mafi yawan waɗanda aka ceta, kuma ɗan ƙwallonmu Nwankwo Kanu, wanda aka yi wa aikin bawul ɗin ayota a Kilibilan ta Amurka cikin 1996, ya koma fili ya yi shekaru yana wasa. Illarta ita ce ƙashin ƙirji yana bukatar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, ɗaukar kaya mai nauyi kuwa sai wajen wata uku, wanda ga lebura mai dakon fata a Chalawa, da ba a biyansa sai ranar da ya fita, ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Domin rage wannan wahala ne likitoci suka yi ta ijtihadi, har Alain Carpentier ya gyara bawul ɗin maitral a Faris cikin 1996 ta ƙaramar kafa da taimakon kyamara. A yau akan yanka kimanin santimita 5 zuwa 8 tsakanin haƙarƙari ta gefen dama, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, ba tare da an taɓa ƙashin ƙirji ba, wasu asibitocin ma da na'ura mai suna da Vinci suke yi, likita yana zaune gefe yana sarrafa hannayenta. Fa'idarsa a fili take: zubar jini kaɗan, kwanan asibiti kaɗan, komawa aiki da wuri, tabo kuma yakan ɓuya a ƙarƙashin nono. Amma lalle mai karatu ya sani cewa ƙanƙantar kafar ba ta nufin ƙanƙantar aikin, domin har yanzu sai an haɗa na'urar zuciya da huhu, ta jijiyoyin matse-matsi, har yanzu sai an tsai da zuciya, kuma sau da yawa aikin yakan fi na tsagawa daɗewa. Wanda bawul biyu ko uku suka lalace masa, kamar yadda yakan kasance ga mutanenmu da ke zuwa asibiti a makare, ko wanda huhunsa ya manne da bangon ƙirji sabili da tsohon tarin fuka, likitan ƙwarai zai iya ce masa tsagawa ta fi masa aminci, kuma wajibi ne a karɓi wannan magana hannu biyu.

Hanyar da, a ganina, ta fi dacewa da ciwon ƙasarmu ita ce wadda ba a cika jin labarinta ba. Wani likita ɗan Japan, Kanji Inoue, ya bayyana a 1984 yadda ake zura siririn bututu ta jijiyar matse-matsi har cikin zuciya, a hura balan-balan a tsakiyar maitral ɗin da ya tsuke, ya buɗe. Babu yanka, babu tsai da zuciya, majiyyaci yakan fita bayan kwana ɗaya ko biyu da bawul ɗinsa na halitta, har mai juna biyu ana yi wa idan hali ya tsananta. Sharaɗinsa shi ne bawul ɗin bai sandare ba, ba ya yoyo mai yawa, kuma babu gudan jini a ɗakin da ke bayansa, ma'ana sai wanda aka gano ciwonsa da wuri. Ita kuwa hanyar nan da ake kira TAVI, wadda Alain Cribier ya fara a Faransa a 2002, inda ake dasa sabon bawul ɗin ayota ta bututu, ita ce ta fi cika tallan asibitocin waje, amma domin tsofaffi aka ƙirƙiro ta, tsadarta ta kai matuƙa, kuma ba safai take yi wa matashi mai irin ciwonmu amfani ba.

Idan gyara ya gagara sai sauyi, kuma a nan akwai zaɓin da ya fi girman yanka muhimmanci nesa ba kusa ba, domin shi ne zai bi mutum har ƙarshen rayuwarsa. Bawul na ƙarfe yana daɗewa, ba kasafai yake lalacewa ba, amma jini yana son daskarewa a kansa, saboda haka sai an sha maganin tsinka jini, wafarin, kullum har abada. Bawul na nama, wanda ake yi da tantanin zuciyar saniya ko bawul ɗin alade, galibi ba ya bukatar wannan dawwamammen magani, sai dai yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma kafin haka, a sake komawa ɗakin tiyata. Game da na alade, malaman fiƙihu da dama na wannan zamani sun yi fatawar halaccinsa bisa ƙa'idar larura idan babu madadi, amma tun da na saniya yana samuwa, Musulmi yana da damar ya tambaya ya zaɓa. Mas'alar ta fi tsanani ga macen da ke fatan haihuwa, domin wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko, sai an shirya ɗaukar cikin tare da likita, wani lokaci a sauya mata zuwa allurar hefarin. Bai halatta ba, a ganina, miji ko uba ya yanke wannan hukunci a madadinta, ita tana kwance ba ta ji bayanin da harshen da take fahimta ba.

Game da inda za a yi aikin kuwa, mutanen Kano sun fi nufar Indiya, garuruwa irin su Delhi da Bangalor, inda Dakta Devi Shetty ya yi suna wajen sauƙaƙa kuɗin aikin zuciya, sai kuma Masar, inda Magdi Yakub ya buɗe cibiyarsa ta Aswan a 2009. A Sudan, ƙasar da zuriyar alhazanmu na ƙafa ke zaune har yau, ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam kusa da Hartum a 2007, tana yi wa 'yan Afirka aikin zuciya kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa hanyar can ta yi wuya. A cikin gida ma ana yin aikin a Legas da Abuja da Inugu, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 ya kamata a fara tambaya a nan gida kafin a waiwayi filin jirgi. Abin da nake jin tsoro shi ne dillalan da ke tsakanin majiyyaci da asibiti, waɗanda ladansu ya rataya ga yawan kuɗin da aka kashe. Kamata ya yi likitan zuciya na gida ya aika da hoton eko ga likitan da zai yi aikin, amsa ta zo a rubuce, a san wane aiki za a yi, sau nawa likitan ya saba yin irinsa a shekara, kuma ko kuɗin da aka faɗa ya ƙunshi ƙarin kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman idan al'amari ya rikice. A duba haƙora kafin tafiya, domin ruɓaɓɓen haƙori yana iya aika ƙwayoyin cuta su sauka a kan sabon bawul.

Bilhasali, jinyar gaskiya tana farawa ne ranar da aka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. A tabbata an dawo da cikakken rahoton aikin, da katin da ke ɗauke da iri da girman bawul ɗin, a kai wa likitan da zai ci gaba da dubawa. Mai bawul na ƙarfe sai ya riƙa gwajin jini da ake kira INR, da farko kowane mako, daga baya kowane wata. Awon lafiyayyen mutum yana wajen 1, na mai maitral na ƙarfe kuwa ana so ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, idan ya yi ƙasa bawul ya toshe ko ɓarin jiki ya shanye, idan ya yi sama jini ya ɓalle. Ganyaye irin su alayyafo da zogale suna rage ƙarfin wafarin, ba a ce a daina cinsu ba, a dai riƙa cinsu daidai wa daida kada yau a cika gobe a bari. Maganin tarin fuka, da magungunan ciwon jiki na kemis, da jiƙe-jiƙen gargajiya, duk suna iya rikita lissafin, ƙaho da tsaga kuwa haɗari ne ƙarara. Sababbin magungunan tsinka jini waɗanda ba sa bukatar gwaji ba su dace da bawul na ƙarfe ba ko kaɗan, duk yadda wani ya yabe su. Kuma tun da wuƙa ba ta kawar da asalin cutar, allurar fenisilin ta kowane mako uku ko huɗu tana nan daram bayan aiki, ga wasu har shekara 40, ga wasu iyakar rayuwa. Ƙannen majiyyaci da suka tashi ɗaki ɗaya da shi, su ma a kai su likita ya saurari ƙirjinsu, in ya ji wani sauti ya tura su hoton eko.