Tafiya Ghana da Waya a Hannu: Inda Ake Samun Sahihin Bayani a Intanet

Bidiyon bai wuce daƙiƙa 30 ba: gadar igiya tana lilo a saman dogayen bishiyoyi a gandun dajin Kakum, kiɗa na tashi, mai ɗauka na ƙyalƙyala dariya. Irin wannan bidiyo a TikTok ko Instagram ya isa ya sa matashi a Kano ko Zariya ya fara lissafin kuɗin mota zuwa Ghana. Sai dai bidiyon ba zai faɗa masa takardun da za a nema a bakin iyaka ba, ko watan da ruwan sama ke tare hanya, ko sidi nawa ake sayar da kwanon abinci a yau. Wanda ya kama hanya da abin da ya gani a bidiyo kaɗai yana iya juyowa daga iyaka, kuɗin mota ya tafi a banza.

Duk waɗannan bayanai suna nan a intanet, kuma kyauta ne. Matsalar ita ce ba a wuri ɗaya suke ba, sannan tsoho da sabo a cakuɗe suke. Kowace tambaya tana da shafin da ya dace da ita.

Takardu: shafin gwamnati kawai

Wanda ya bi ta mota daga Legas zuwa Accra zai tsallaka iyaka uku: Seme tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Ghana. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta ba ’yan ƙasashen ƙungiyar damar zama har kwana 90. Amma dole ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafin cutar shawara. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka duk shafin da ke cewa katin yana ƙarewa bayan shekara 10 tsohon zance yake maimaitawa.

Shafukan hukumomin Ghana, ciki har da hukumar shige da fice, adireshinsu yana ƙarewa ne da gov.gh. Shafin da ya yi kama da na gwamnati amma ya nemi a tura kuɗi ta WhatsApp don “gyara takardu” tarko ne. Masu ɗauke da fasfo ɗin Nijar kuwa suna da ƙarin dalilin bincike: ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Rubutun da aka yi kafin wannan rana ba zai gaya musu halin da ake ciki yanzu ba, sai su tuntuɓi ofishin jakadanci.

Kwanan wata kafin komai

Farashi shi ne bayanin da ya fi saurin lalacewa. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari, wato kuɗin otal ko na mota da wani ya rubuta a 2021 ba shi da amfani a yau. A manhajar binciken Google akwai wurin da ake taƙaita sakamako zuwa na shekara ɗaya ko wata ɗaya da ya wuce. A Google Maps ma ana iya jera ra’ayoyin mutane game da masauki daga mafi sabo, kuma ra’ayi uku na watan jiya sun fi ɗari na shekara huɗu da suka wuce.

Hoton ɗakin otal ma abin bincike ne. Idan aka saka shi a Google Lens sai ya bayyana a shafin wani otal a wata ƙasa daban, magana ta ƙare, kada a tura ko kwabo.

Taswirar da ba ta buƙatar data

Layin waya yakan ɗauke da zarar an tsallaka iyaka, idan kuma bai ɗauke ba, kuɗin data ya ninka. Maganin wannan shi ne sauke taswira tun daga gida. Google Maps na ba da damar ajiye yanki guda a cikin waya, amma idan babu intanet hanyar mota kawai yake nunawa. Manhajar Organic Maps, wadda ke amfani da bayanan OpenStreetMap, tana sauke taswirar ƙasa sukutum, kuma tana nuna hanyar ƙafa ko babu sabis.

Ga cikakken bayanin gari da gari akwai Wikivoyage, ƙanin Wikipedia da aka keɓe don matafiya. ’Yan sa-kai ne ke rubuta shi, babu talla a ciki, kuma manhajar Kiwix tana iya ajiye shi a waya. Benin da Togo da Faransanci suke aiki, don haka sauke Faransanci a Google Translate kafin tashi zai rage wahala a tasha. Manhajar ta ƙara harsunan Twi da Ewe na Ghana a 2022.

Al’ada: abin da bidiyo ke tsallakewa

Shafin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, visitghana.com, yana jera wurare da bukukuwa, amma aikinsa tallata ƙasa ne. Mai son tarihi ba kwalliya sai ya leƙa shafin UNESCO na wuraren tarihin duniya. A can zai ga cewa an saka gidajen dutse na bakin teku irin su Cape Coast da Elmina, inda aka riƙa tsare bayi kafin a tsallaka da su teku, cikin jerin a 1979, sannan gine-ginen gargajiya na Ashanti suka biyo baya a 1980. Wanda ya karanta wannan kafin ya isa Elmina zai san ba wurin rawa da ɗaukar hoton barkwanci ba ne.

A Kumasi, bikin Akwasidae na fadar Manhyia yana zagayowa ne ranar Lahadi duk bayan mako shida, saboda haka sai an duba ranar kafin a yanki tikiti. Bahaushe kuma ba baƙo ba ne sosai a Ghana. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma har yau ana jin Hausa a zangunan Nima da Sabon Zango a Accra da kuma na Kumasi. Shafukan Facebook na mazauna waɗannan unguwanni sun fi kowace manhaja sanin masallaci mafi kusa da inda ake tuwo mai kyau. Matambayi ba ya ɓata, amma duk abin da ya shafi kuɗi ko alƙawarin aiki sai an tabbatar da shi ta wata hanya ta biyu.

Yanayi da muhalli

Kudancin Ghana damina biyu yake yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Arewacin ƙasar damina ɗaya ce, kamar Arewacin Najeriya. Ruwan Accra ba abin wasa ba ne: ranar 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobarar wani gidan mai sun hallaka mutum fiye da 150 a birnin. Hukumar hasashen yanayi ta Ghana, GMet, tana wallafa gargaɗi a shafukanta na sada zumunta.

Mai son ganin giwaye a gandun dajin Mole, mafi girma a ƙasar, da rani ya kamata ya je, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin tafki. Tsohon masallacin Larabanga na ƙasa yana kusa da ƙofar shiga dajin. Wanda kuma ke son ganin abin da tallan yawon buɗe ido ba ya nunawa, sai ya buɗe Google Earth, wanda ke da hotunan tauraron ɗan’adam tun daga 1984, ya duba kogunan Pra da Ankobra. Haƙar zinare ba bisa ƙa’ida ba, wadda ake kira galamsey, ta mayar da ruwansu launin kunu. Shafin Global Forest Watch kuma yana nuna inda daji ya ragu shekara bayan shekara.

Daren da za a tashi

Aikin ƙarshe bai fi na rabin awa ba a kan Wi-Fi ko datar dare. A sauke taswirar Benin da Togo da Ghana. A ɗauki hoton fasfo da katin rigakafi, a ajiye a waya, a tura kwafi ga wani ɗan uwa. A adana adireshin masauki da lambar ofishin jakadancin Najeriya a Accra, tare da 112, lambar kiran gaggawa a Ghana. A caja fawa-banki ya cika. Agogon Najeriya yana gaban na Togo da Ghana da awa ɗaya, don haka bayan an wuce Hillacondji sai a tabbatar waya ta sauya lokaci, kada manhajar salla ta kira Asuba a kan agogon Legas.