Ƙara wa mota ƙarfin baya: riba ko kasada?

Da zarar kaka ta yi, hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a ƙaramar hukumar Ƙiru, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa, kan cika da ƙananan motoci maƙare da buhunan masara da shinkafa.

Da yawa daga cikin motocin, irin su Golf, an ƙera su ne domin ɗaukar mutum biyar da 'yan jakunkunansu. Saboda haka direbobi kan kai su wurin makanikai a ƙara musu ƙarfin baya, don kada gindin motar ya riƙa dukan ƙasa.

Abin tambaya shi ne, shin wannan gyara na ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya da gaske?

Abin da ke riƙe da taya

Abubuwa uku ne ke aiki tare a bayan mota. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi. Shokozoba kuma ita ke hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami.

Na uku shi ne ƙarfen da ya haɗa taya da gangar jikin mota, wanda ke zaman hannun da ke riƙe da ita. Shi ke sa taya ta tsaya daidai a kan kwalta yayin da take hawa da sauka. A mahaɗarsa da jikin mota akwai roba da ake kira bushin.

Idan hannun ya lanƙwashe ko bushin ya cinye, taya kan karkace, ta riƙa cinyewa ta gefe guda, bayan motar kuma ya riƙa lilo, musamman a kwana.

Darasi daga masu tsere

A Turai da Amurka, masu motocin tsere kan sauya wannan hannu da wani mai ƙarfi wanda ake iya ƙara wa tsawo ko a rage. Dalili kuwa shi ne sukan rage wa mota tsayi, wanda hakan ke sauya tsayuwar taya, sai an sake saita ta da na'ura.

A kudancin Kano akasin haka ake yi, ɗaga motar ake yi sama. Amma ƙa'idar ɗaya ce: duk wanda ya sauya tsayin mota ya sauya yadda taya ke taka ƙasa.

Motar Peugeot 504, wadda aka shafe kimanin shekaru 30 ana harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ta yi suna ne saboda jure munanan hanyoyi. A shekarar ta 1975 ce Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe tseren Safari na Kenya da ita.

Sai dai ko shi kamfanin Peugeot bai wadatu da sauya sifirin kawai ba. Ƙirar bayan 504 mai buɗaɗɗen baya, ta ɗaukar kaya, daban take da ta ƙaramar motar shiga.

Inda haɗarin yake

Sifirin mai tauri kan ɗaga mota, amma ba ya ƙara wa hannun taya, ko birki, ko ita kanta tayar ƙarfi. Illarsa ma ita ce yana ɓoye alamar da ke nuna wa direba cewa lodi ya yi yawa.

Ƙaramar mota irin Golf ba a ƙera ta ta ɗauki fiye da kusan kilo 500 ba, har da direba da fasinjoji. Ke nan buhu biyar masu kilo 100 sun cinye lissafin tun direba bai shiga ba.

Taya ma tana da iyaka a rubuce a jikinta. Lamba 91, alal misali, na nufin kilo 615 ga kowace taya.

Idan nauyi ya taru a baya, gaban mota kan yi sakayau, sitiyari ya rage kama hanya, birki kuma ya buƙaci tazara mai tsawo kafin mota ta tsaya. Yaƙi da lodin da ya wuce kima na daga cikin ayyukan Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988.

Abin da ya kamata

Hannun da ya tsage ko ya lanƙwashe sauya shi ake yi, ba a yi masa walda ko a miƙe shi da wuta, domin zafi na raunana ƙarfe. Mai sayen na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ya duba tsatsa da alamun tsohuwar walda.

Sifirin da shokozoba kuwa bibbiyu ake sauya su, dama da hagu, sannan a kai motar a saita tayoyi.

Kuɗin sawu biyu daga Doguwa ko Bebeji zuwa kasuwar Dawanau yana da yawa, amma bai kai asarar mota da kaya, balle rai, a tsakiyar dajin Falgore ba.