Nauyin gaɓa da kiɗan ragtaim: wata hanyar ƙirga

A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu nuna cewa ma'aunin da muke auna gaɓar Hausa da shi ya isa ya bayyana tsarin ragtaim, kiɗan fiyano na baƙar fatar Amurka. Tambayar ta taso mana ne a Keita, lokacin da muke naɗar Adaranci a bakin mata masu daka: sai muka ga muna iya rubuta karin sauti da tsawon wasali, amma ba mu da alamar nuna inda taɓarya ke sauka.

Ragtaim ya bunƙasa daga ƙarshen ƙarni na 19. Misalin da aka fi sani shi ne Maple Leaf Rag na Scott Joplin, wanda John Stark ya buga a Sedaliya, jihar Misuri, a 1899. Ginin kiɗan ba shi da wuya: ɓangarori huɗu, kowane mai awo 16, a jere AABBACCDD, kuma a ɓangare na uku ana ƙaura daga la bemol zuwa re bemol. Wannan duk gado ne daga kiɗan maci na soja. Sabon abu yana tsakanin hannuwa biyu.

Mu raba awo ɗaya zuwa mora 8. Hannun hagu yana bugawa a 1, 3, 5, 7, ba ya sauri ba ya jinkiri: ƙasa, sama, ƙasa, sama. Shi ne mai riƙe da lokaci. Hannun dama kuwa sau da yawa yana raba waɗannan 8 ɗin zuwa 3+3+2.

To, a Hausa gaɓa marar nauyi (baƙi da gajeren wasali) mora ɗaya ce, mai nauyi kuwa mora biyu. Mu ɗauki wannan jeri:

kai da ni da shi
2 + 1 + 2 + 1 + 2 = 8

Idan mai karatu ya faɗe shi yana buga tebur a 1, 3, 5, 7, zai ji «kai» ya sauka a 1, «shi» a 7, duka tare da bugu. Amma «ni» yana farawa a 4, ya riga bugu na 5, sannan ya zauna a kansa ya haɗiye shi. Abin da ake kira syncope a Faransanci ke nan: sauti mai nauyi ya fara a gurbi mai rauni, ya ƙetare gurbi mai ƙarfi. Kunne yana jiran nauyi a 5, sai ya same shi ya riga ya iso. Amma da zarar hagu ta kauce daga ƙirgarta, ba abin da dama za ta saɓa wa. Muna ganin dalilin da ya sa Joplin, a littafinsa School of Ragtime na 1908, ya dage kada a yi gaggawa ke nan.

A lugude ma, saukar taɓarya ita ce bugu tsayayye, tafin da mace ke yi bayan ta cilla taɓarya sama yana shiga tsakani, waƙa kuma tana tafiya bisa nauyin gaɓoɓinta. Ba muna cewa ragtaim daga Adar ya fito ba. Kamanni ba shaidar asali ba ce, kuma mu masu nazarin harshe mun sha ganin ɓarnar irin wannan gaggawa wajen asalin kalmomi.

Kwatancin yana da iyaka. Ya shafi tsawo ne kaɗai. Fiyano ba ya lanƙwasa sauti kamar kalangu, saboda haka karin sautin Hausa ba shi da takwara a nan. Haka kuma mawaƙi ba ya bin ƙirgar mora sau da ƙafa: Hayes da Schuh, a nazarinsu na 2019 kan rajaz na Hausa, sun nuna cewa karin rubutacciyar waƙa daban, yadda ake rera ta daban. Don haka muke ba ɗalibanmu shawara, idan suna rubuta waƙar daka, su ƙara layi na uku ƙarƙashin na karin sauti da na tsawon wasali, su sa ɗigo a ƙasan kowace gaɓa da taɓarya ta sauka a kanta, su bar gurbi fili inda ta sauka ba gaɓa.