Yadda Taki Ke Zama Abincin Shuka, Da Wahalar Faɗin Haka Da Hausa

Malaman da ke koyar da aikin gona a kwalejojin horon malamai sukan kawo kuka a kan wani babi guda, watau wanda ke bayyana yadda taki ke juyewa cikin ƙasa har saiwa ta iya shansa. Ɗalibi yakan haddace shi da Turanci ya ci jarrabawa, amma in aka ce ya mayar da shi Hausa sai ya ce "taki ya ruɓe", ya yi shiru. Nufina a wannan takarda shi ne in bayyana al'amarin da Hausa, in kuma nuna inda kalmominmu suka isa da inda suka gaza.

Abin da shuka ta fi bukata cikin taki shi ne sinadarin naitirojin. Kashi 78 cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa shi ne, amma gero da dawa ba su da ikon ɗaukarsa daga iska, sai ta saiwa. Sa'ad da kashin dabbobi da fitsarinsu da shara suka ruɓe, naitirojin ɗin da ke cikinsu yakan fito ya zama amoniya. Duk wanda ya taɓa shiga turken awaki da sassafe ya san warinta. Har nan kalmar "ruɓewa" daidai ta ke, ba ta da aibu. Amma aikin bai ƙare ba. Cikin ƙasa akwai waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, masu haɗa amoniya da iskar oksijin su mai da ita naitirait. Waɗansu kuma dabam su karɓi naitirait su ƙara masa oksijin ya zama naitiret. Wannan juyi biyu shi ne maganarmu, kuma ba ruɓewa ba ne, gama abin da ya ruɓe wargajewa ya yi, nan kuwa ƙari a ke yi masa.

An daɗe ana ganin wannan aiki kafin a san mai yinsa. A 1877 waɗansu masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suka cika wani dogon bututu da yashi da alli, suka riƙa zuba masa ruwan kwatami ta sama. Kwana wajen 20 ruwan na fita ta ƙasa da amoniyarsa, daga nan sai ta ɓace, naitiret ya bayyana. Suka tambayi kansu, in yashi ne ke aikin, me ya sa ya jira kwana ashirin? Suka sa wa bututun tururin kulorofom, maganin nan na sa barci, aiki ya tsaya cik. Da suka zuba ruwan da aka dama da ƙasar lambu sai ya komo. Ashe mai rai ne ke yi. Warington a Ingila ya nuna cewa juyin hawa biyu ne, sa'an nan a 1890 Winogradsky, mutumin Rasha, ya ware halittun kansu. Na hawan farko su ne irin su Nitrosomonas, na biyu irin su Nitrobacter. Ya kuma tabbatar da wani abin mamaki, cewa ba su cin ruɓaɓɓen abu ko kaɗan. Ƙarfinsu daga juyin nan su ke samunsa, jikinsu kuwa daga iskar kabon su ke gina shi. Tsofaffin littattafai nan suka tsaya, amma an ƙara sani. A 2005 an ware wata halitta ta wata zuriya dabam mai yin hawan farko, a 2015 kuma aka gano waɗansu Nitrospira masu yin hawa biyun su kaɗai.

To, ga wahalar farko ta harshe. Sunan da ya zauna a bakin mutane ga irin waɗannan halittu shi ne "ƙwayoyin cuta", domin ta hanyar asibiti muka fara jin labarinsu. In malami ya ce ƙwayoyin cuta ke gyara taki, ɗalibi ya ji magana mai karo da kanta, kuma yana da gaskiya. A ganina "ƙananan halittun ƙasa" ya fi, ko da ya ke ya fi tsawo. Wahala ta biyu ta kunne ce. Naitirait da naitiret a Turanci wasali guda ya raba su, a bakin Bahaushe kuwa "ai" da "e" sukan kusanci juna ƙwarai, har su zama ɗaya a saurin magana. Bambancin ba ƙarami ba ne, gama na farko guba ne in ya taru, na biyu abinci. Shawarata a aji a riƙa cewa "ɗanyen gishirin taki" da "nunannen gishirin taki" tare da sunayen aro, juyin kansa kuma a kira shi "nunar taki". Manoma sun riga sun saba cewa taki ya nuna, muna dai ƙuntata ma'anar ne. Sai a yi hattara kada a ce kanwa, don kanwa gishiri ne na wani gida, ba naitirojin a cikinta.

Me ya sa manomi zai damu? Amoniya a ƙasa takan manne wa laka da ruɓaɓɓen ganye, ta zauna. Naitiret ba ya mannewa, duk inda ruwa ya bi sai ya bi shi. Saboda haka nunar taki alheri ce in saiwa na kusa, hasara ce in babu. Halittun nan suna son ɗumi da damshi da iska, da rani kusan barci su ke yi. Da ruwan farko ya sauka kan busasshiyar ƙasa sai ruɓewa da nuna su tashi gaba ɗaya, naitiret ya yawaita na 'yan makonni. Birch ya bayyana wannan a 1958 a Afirka ta Gabas. Wanda ya yi binne ko ya yi shuka da wuri shi ke cin wannan rabo. Wanda ya makara, musamman a jigawa mai yashi, marka ta riga ta wanke gishirin ta kai shi inda saiwa ba ta isa. Wannan ne kuma dalilin da malaman gona ke cewa a raba takin zamani kashi biyu. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, in an zuba ta duka a rana guda za ta nuna tun shuka na ƙarama. A fadama da ruwa ya kwanta kuwa iska ba ta shiga, nuna takan tsaya, waɗansu halittu dabam su kama naitiret su mai da shi iska ya tashi. Har wa yau juyin na sakin tsami, shi ya sa gonar da aka daɗe ana zuba wa takin amoniya zalla takan yi tsami.

Akwai dabarun rage saurin nuna, biyu daga ciki ba baƙi ba ne a wurinmu. Man 'ya'yan darbejiya na danne halittun nan, har a 2015 gwamnatin Indiya ta wajabta a shafe yuriyar da a ke yi a ƙasar da shi. Masu bincike kuma sun tarar saiwar dawa da kanta tana fitar da wani sinadari mai irin wannan aiki.

Abin da manomi ke ƙoƙarin jinkirtawa, shi mai tace ruwan ƙazantar birni ke ƙoƙarin gaggautawa. Amoniya in ta shiga kogi tana kashe kifi, tana kuma cinye oksijin ɗin ruwa, gama kowane giram na naitirojin na bukatar oksijin fiye da giram 4 kafin ya nuna. A 1914 Ardern da Lockett a Mancesta suka nuna cewa in ana hura iska cikin ruwan ƙazanta, ana kuma komo da lakar da ta kwanta cikin tanki, ruwan zai tsarkaka cikin awoyi maimakon makonni. Lakar nan cike ta ke da halittu. Masu nunar amoniya ba su da saurin haihuwa, don haka dole a riƙe lakar kwanaki da yawa, in ba haka ba ruwa ya tafi da su. A matatun yanzu akan kai ruwan wani tanki marar iska, a yi da gangan abin da ke faruwa a fadama, naitiret ya koma iska.

Inda babu matata, ƙasa ce ke aikin, ba mai tsaronta. Abin da ya shiga masai yakan nuna a hankali ya gangara zuwa ruwan ƙarƙashi, rijiyar da ke kusa ta ɗauka, ruwan kuwa garai, ba wari ba ɗanɗano. A 1945 likita Comly a Amurka ya nuna cewa irin wannan ruwa na hana jinin jarirai ɗaukar oksijin, har leɓunansu su yi shuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 50 na naitiret cikin lita guda. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri, don ruwan ne ke ƙonewa gishirin ya saura.